Yadda Maman Nok Ta Shiga Bincikenmu

Shekarar da na dawo Kafanchan da aiki, babbar damuwar mahaifiyata ita ce ba ta san abin da za ta ce wa mutane ina yi ba. Mama ta yi shekara talatin da ɗoriya tana koyarwa a firamare, har ta shugabanci makaranta kafin ta yi ritaya. Ta saba kowace tambaya tana da amsa ɗaya, gajera, wadda za a iya rubutawa a allo. Ɗan maƙwabciyarmu lauya ne, 'yar fasto nas ce, an wuce wurin. Ni kuwa ina sa farar riga ina shiga asibiti kowace safiya, amma ba na duba kowa, ba na rubuta magani. In an tashi daga sujada aka tambaye ta, sai ta ce, "Tana lab," ta yi sauri ta sako zancen ruwan sama.

Lab ɗin namu, inda muke gwaje-gwaje, ɗaki biyu ne a bayan asibiti, kusa da wata tsohuwar bishiyar mangwaro. Akwai firiza biyu da muke lallaɓawa kamar jarirai, da wani inji mai kama da ƙaramin akwati wanda shi ne mai gidanmu duka. In ya yi fushi, kowa ya zauna. Mu uku ne: ni, da shugabanmu da ke zuwa daga Jos lokaci-lokaci, da wani dogon abokin aikina, jikan ma'aikacin reluwe daga gabas, wanda aka haifa a Kafanchan, ya kuma fi ni iya ciniki da Hausa a kasuwa.

Wata Asabar muna tsince acca a tsakar gida, Mama ta ce, "To, zauna ki yi mini bayani kamar ni 'yar aji huɗu ce."

Na ce mata akwai wasu ƙwayoyin cuta ƙanana ƙwarai, irin waɗanda ake kira bairos, da suke shiga jikin mutane da yawa ba tare da sun sani ba. Yawanci jiki yakan kore su, ko ya danne su su yi shiru. Amma mai ɗauke da HIV, da yake garkuwar jikinsa ta taɓa shan wuya, sai su samu wurin zama su daɗe. Wasunsu in suka daɗe, a hankali cikin shekaru, sukan jawo ciwon daji, wato kansa. Akwai mai jawo baƙaƙen tabo a fata. Akwai kuma mai zama a bakin mahaifa, kuma ita muka fi bi. Matan da ke karɓar maganin HIV, waɗanda suka yarda, nas takan ɗan shafo bakin mahaifarsu da tsinken auduga, a sa a kwalba a kawo mana. Mu kuma mu binciko wane iri ne ke yawo a yankinmu, wane ne ke gushewa ba tare da magani ba, wane ne ke yin ƙememe.

Mama ta daina tsintar. Ta ce, "In kun same ta fa?"

"Sai likita ta duba da kyau. In wurin ya fara canjawa, a cire tun bai zama kansa ba."

"Da ciwo?"

"Ba sosai ba."

"Ba sosai ba ba amsa ba ce," in ji ta. Ta ƙara jero mini tambayoyi har biyar, wace rana ake yi, ƙarfe nawa, ta wace ƙofa ake shiga. Na ɗauka halin malamai ne kawai. Daga ƙarshe ta ce bayanina ba laifi, sai dai ina yawan cewa "wato".

Mama tana da aminiya tun suna 'yan mata, wadda muka tashi muna kira Maman Nok. Mijinta ma'aikacin reluwe ne, sun zauna kusa da mu har ya rasu ina sakandare, sai ta koma ƙauyensu Nok ta kama noman citta. Gajeriyar mace ce mai babbar murya. In tana waƙa a Zumuntar Mata, na bayan coci ma sun san ta iso. Hausarta irin ta gida ce, bayan yarensu na Jabanci ta koye ta, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya" ne a bakinta. Mama ta yi shekaru tana gyara mata har ta haƙura. Su biyun ba sa awa ɗaya tare ba su yi musu ba, ba sa kuma mako biyu ba su nemi juna ba.

Wata Talata na fito daga lab da kular ƙanƙara zan karɓo kwalaben ranar daga wurin nas. A kan bencin da matan binciken ke jira, sai ga wata ta rufe fuska da littafin waƙoƙin coci, a buɗe, kuma a kife. Ban gane fuska ba, amma na gane takalman roban nan, na gane kuma jakar da ni na kawo mata tsaraba. Na yi niyyar in wuce kamar ban gani ba, kamar yadda aka koya mana. Sai ta sauke littafin kaɗan, idonmu ya haɗu.

"Shi ke nan," ta ce da ƙarfi, har sauran matan suka juyo. "Ya gan ni."

Na durƙusa na ce, "Ina kwana, Mama."

Ta ja ni gefe, ƙarƙashin mangwaron. Ta kama hannuna da hannunta mai kaushi, ta ce, "Yarinya na, ni na yi miki wanka ran da aka haife ki. Yanzu ke ne za ki leƙa cikin abu na?"

Na ce mata mu lamba kawai muke gani a jikin kwalba, babu suna, ba zan taɓa sanin wacce ce tata ba.

"Lamba? Ga shi nan." Kafin in hana ta, ta zaro kati daga jaka ta karanta mini lambar sau biyu. "Ki yi nawa da kyau. Kada ki ba wancan dogon, hannunsa yana rawa, na gan shi yana shan shayi."

Sannan ta sassauta murya, ita da ban taɓa jin ta yi magana a hankali ba. Ta ce tun bayan rasuwar mijinta take shan maganin, ko sau ɗaya ba ta taɓa fashi ba. "Amma kada ki gaya wa uwarki kin gan ni a nan. Kin ji ko? In ya ji, na mutu."

Na yi mata alkawari. Da na koma lab na daɗe a tsaye gaban firiza. Matar da ta goya ni, ta yi shekaru da wannan nauyi, ko aminiyarta ba ta sani ba. Haka na fahimci maganar, kuma sai da na share hawaye kafin in sa safar hannu.

Makonnin da suka biyo baya na sha wuya a gida. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma zama da tsohuwar malama kana ɓoye mata abu aiki ne. Mama takan gane wanda bai yi aikin gida ba tun daga yadda ya shigo aji. In ta ce, "Kwana biyu ban ji ɗuriyar mutuniyar Nok ba," sai in duƙa in kama gyaran igiyar takalmi, ko da silifas ne a ƙafata. Ran nan Maman Nok ta zo da doya da ɗanyar citta, muka zauna cin gwate mu uku. Ta dinga gaishe ni kamar mun shekara ba mu haɗu ba. "Kai, yarinya, ka yi ƙiba! Ina ne ma wurin aikin naka?" Mama ta dube ta, ta dube ni, ta ce a miƙo mata barkono.

Ranar da muka sa kwalaben makon da ta zo a inji, na roƙi abokin aikina ya yi, ni na koma rubutu, don lambar ta riga ta zauna mini a kai. Duk da haka, da sakamako ya fito a kwamfuta idona bai nemi izinina ba. An sami ƙwayar, kuma irin mai taurin kan ce. Ba kansa ba ce, ban da hujjar cewa kansa ce, na faɗa wa kaina haka ya fi sau goma. Amma dole ta dawo likita ta duba. Kiran ba aikina ba ne, na nas ne, don haka na kama bakina.

Bayan kwana goma wayata ta yi ƙara da tsakar rana. Maman Nok ce, iska na kaɗawa a bayanta.

"Wannan sista yana damu na da waya. Me kuka gani?"

Na ce, "Mama, ki zo likita ta yi miki bayani. Ba abin tsoro ba ne in an zo da wuri."

"Sai na gama tonon citta."

"Yaushe ke nan?"

"In na tona sai na tsaga. In na tsaga sai na shanya. Bayan Kirsimeti, in Ubangiji ya yarda."

Ta kashe waya. Na sake kira, sai aka ce ba a samun ta. A Nok akwai wurare da yawa da waya ba ta kamawa, kuma ta san su duka.

Na yanke shawarar in je da kaina ranar Asabar. Na ce wa Mama zan leƙa wata ƙawata a Kwoi. Ta ce madalla, dama tana son zuwa Nok, sai mu tafi tare in sauke ta. Na ce hanya ba kyau. Ta ce ta san hanyar tun ba a haife ni ba. Na ce ƙarshen tafiyar sai a mashin, ga ciwon bayanta. Ta shiga ɗaki ta fito da lema da ɗankwalinta na fita. A cikin bas ina ta shirya ƙaryar da zan yi in raba su ko na minti biyar ne.

Mun sami Maman Nok a gona, ta duƙa tsakanin kunyoyi, ƙamshin citta ya cika wurin har yana shiga ido. Da ta ɗago ta gan mu tare, sai ta jefar da fartanya ta nuna ni da yatsa.

"Kin gaya masa!"

"Ban faɗa ba, Mama. Ko kalma ɗaya."

Mama ta buɗe lemarta a natse. Ta ce, "Ba ta gaya mini ba. Ta yi wata biyu tana ɗaura igiyar silifas." Sannan ta juya kan aminiyarta. "Ke kuma, ba na ce ki je ran Alhamis ba, ranar da take zuwa Jos kai kaya? Na rubuta miki a takarda."

"Alhamis ina da kasuwa."

Na tsaya ina kallonsu kamar baƙuwa. Ashe Mama ta san komai tun farko. Ita ta raka ta gwaji bayan rasuwar mijin, ita ta zauna da ita a benci ran da aka faɗa mata. Shekarun farko ma, lokacin da mutane ke nuna masu ciwon da baki, Mama ce ke karɓo mata maganin ta zuba a gwangwanin madara ta kai Nok. Tambayoyin da ta yi mini ranar tsintar acca, don ita ta yi su. Ta tura ta binciken, ta kuma gargaɗe ta kada ta bari in gan ta, don kada in ji nauyi. Abin da Maman Nok ke tsoro ba wai Mama ta san ciwonta ba ne. Faɗan saɓa ranar take gudu.

Na ce, "Wato ni kaɗai ce ban sani ba."

"Kin ga, ga 'wato' ɗin nan kuma," in ji Mama.

Abu ɗaya ne Mama ba ta sani ba, shi ne kiran da nas ke ta yi. Wannan kuwa ba daga bakina ya fito ba. Maman Nok ce da kanta, tana cikin kare kanta, ta ce ai ko sistar da ke damunta da waya ta fi Mama tausayi. 

Muka koma inuwar wata ɗorawa a bakin gona. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ta daɗe tana kankare ƙasa daga jikin wata citta da farcenta. Da ta yi magana, ba wasa a muryarta.

"Na farko, sun ce zan mutu, ban mutu ba. Na sha magani, na aurar da yara, na ga jikoki. Na ce na gama da asibiti, sai dai in je in karɓa in dawo. Yanzu kun tono wani. Da ban je ba, da ina zaman lafiya na. Babu inda ke mini ciwo fa."

Akwai gaskiya a maganarta. Mu a lab in inji ya nuna an samu, har wani daɗi mukan ji cewa gwajin ya yi kyau. Ban taɓa zama kusa da wadda sakamakon ya sauka a kanta ba sai ranar. Na ce mata rashin ciwon shi ne alherin, don lokacin da ba ya ciwo ne ake iya tare shi. Na ce ba mu muka sa mata ba, ta yiwu ta fi shekara goma tana nan, mu dai mun haska fitila ne. Na ce ban yi mata alkawarin komai ba, amma yawancin waɗanda aka duba a wannan mataki ƙaramin aiki ake yi musu su koma gida da ƙafarsu.

Mama ba ta yi lallashi ba, ba ta iya ba. Ta ce, "Ran da muka je na farko, kin ce in kin mutu in riƙe miki yara. Na ce ba zan riƙe ba, nawa sun ishe ni. Yau ma cittarki ba zan riƙe ba. Litinin za mu je."

"Citta na fa? Ya ruɓe a ƙasa?"

"Wa ya ce zai ruɓe?"

Mama ta faɗi "zai" ɗin maimakon "za ta", ba ta lura ba. Ni na lura, amma ban ga ranar gyara ba ce.

Ran Lahadi bayan sujada Mama ta sanar a Zumunta cewa 'yar'uwarsu ta Nok za ta je ganin likita, ana neman hannu a gona. Ba ta ƙara ko harafi ba, kuma duk wadda ta buɗe baki za ta yi tambaya sai ta gamu da kallon da ya yi shekara talatin yana kashe surutu a aji. Ran Laraba mata suka cika bas guda suka tafi gayya. An ba ni labari cewa Mama, wadda rabonta da fartanya tun kafin aurenta, ta tsaya a kan kunya da lema tana nuna wa matan da aka haifa a gonar citta yadda ake tono.

Likita ta duba ta sami wurin ya fara canjawa, amma bai kai ga kansa ba. Aka sa rana aka cire, ba a ma kwantar da ita ba. An ce ta huta, kada ta ɗauki kaya mai nauyi na ɗan lokaci. Ta yi mako biyu a gidanmu, ita da Mama suna musu a kan yawan gishiri da kuma wace ce ta fara shiga ƙungiyar mawaƙan coci a cikinsu.

Binciken namu ya ci gaba da tafiyar hawainiya, yadda irinsa ke yi. Wata kwalbar ta lalace, a sake. Wani sakamakon ya rikita mu, a aika babban lab a tabbatar. Abin da muka gano ba zai cika bakin mai shela ba: mun dai san irin da suka fi yawa a matan yankinmu, mun kuma ga waɗanda ke daɗewa. Amma matan da aka kira aka duba a kan lokaci, na san fuskokin wasunsu a kasuwa, ko da yake ba ma nuna mun san juna.

Da bazara ta zagayo Maman Nok ta dawo aka sake gwadawa, ba a sami komai ba. Nas ce ta faɗa mata. Daga can ta zarce bayan asibiti ta ƙwanƙwasa mana taga, ta ce ta zo ganin abin da ya hana ta sukuni. Ba a shigo da baƙi ɗakin inji, sai na fito da kwamfutar ɗakin gaba, na buɗe mata nata na bara. Ta sa tabarau ta matso.

"Ina yake?"

"Ga shi. Wannan layin da ya tashi sama."

"Wannan zare? Ina kai? Ina ƙafa?"

Na ce ƙwayar ta yi ƙanƙantar da ko madubin da muke duba jini da shi ba ya nuna ta, alamarta kawai injin ke kamawa. Ta cire tabarau ta dube ni da tausayi.

"Duk karatun nan, ke ma ba ki taɓa ganinsa ba?"

"Ban taɓa ba, Mama."

Abokin aikina ya kasa riƙe dariya. Ta juya ta ƙare masa kallo, ta tambaye shi ko shi ya yi nata. Ya ce shi ne. Sai ta ce to, ba laifi, ya yi ƙoƙari, ta ciro ƙullin busasshiyar citta daga jaka ta ba shi, ta ce ya riƙa sawa a shayin.

Ta tambayi inda ragowar abin nata yake. Na nuna mata firiza ta gilashin ƙofa, na tuna mata ta sa hannu a ajiye don bincike na gaba, amma in ta canja ra'ayi za a zubar.

"Ku riƙe," ta ce. "Ni me zan yi da shi?"

Hadari ya fara haɗowa ta wajen Kagoro. Ta gyara ɗaurin zane, ta ce in gaya wa uwata ba za ta biya ta gida ba yau, tana da shuka gobe, kuma in ta biya sai an tsare ta da magana har bas ya tafi. Na raka ta bakin titi na tare mata mashin zuwa tasha.